Malam Illiassou da Ayabar Gidan Saley

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan ma'aikata na Aubervilliers, wanda muke kira fuwaye, ya san tarin Malam Illiassou kafin ya san fuskarsa. Da an sallame sallar asuba yake fitowa cikin koren kayan aikinsa, ya tsaya a bakin matakala ya yi tari sau biyu ko uku, sannan ya sauka. Shekara ashirin da shida ke nan yana sharar titi a arewacin Paris. Mutumin Matamaye ne, ɗan masu lambu. Tun da ya zo ƙasar nan ba a taɓa jin ya ce tana yi masa daɗi ba, ba a kuma taɓa jin ya makara wurin aiki ba. A ƙarshen wannan wata na Disamba zai ajiye tsintsiya. Ba za a yi masa walima ba, don babu wanda abin ya faɗo wa a rai, shi ya sa aka ga ya dace a rubuta wannan.

Shara ita ce aikin da aka ɗauke shi ya yi. Abin da muka san shi da shi daban ne. Idan Oktoba ta kama, itatuwan bakin titi suka fara zubar da ganye, sauran masu shara turawa suke yi cikin kwata ruwa ya tafi da shi. Shi kuwa tsayawa yake yana zaɓe, kamar mai tsintar shinkafa. Wanda ya bushe ƙayau, ruwa bai taɓa ba, shi yake durawa a buhunan algarara da yake roƙowa wurin 'yan kasuwarmu na Barbès, ya jibge su a ƙarƙashin matakalar fuwaye. Mai gadin gidan ya yi faɗa har ya gaji ya zuba masa ido.

Gidaje tara ne na mutanenmu, tsakanin Aubervilliers da unguwannin da ke kewaye, da Allah ya ba su ɗan fili a bayan ɗaki, suka kuma dasa ayaba a ciki. Kada mai karatu ya ɗauka irin ta gida ce. Wannan a kantin masu furanni ake sayenta, ganye kawai take yi, in ma ta yi 'ya'ya to ko akuya ba za ta kalle su ba. Amma mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ya buɗe taga ya ga faffaɗan ganyen nan yana kaɗawa, sai ya ji kamar bai yi nisa sosai ba. Matsalar ita ce ba ta jure sanyi. Safiya ɗaya ta raɓa mai daskarewa ta isa ta mayar da ganyenta baƙi wuluk, in kuma sanyin ya kai ga gindinta, shi ke nan.

To a nan ne Malam Illiassou yake shigowa. Ran Asabar da Lahadi na watan Nuwamba ba a ganinsa a majalisa. Yakan bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da wuƙarsa da ragar waya da buhunansa. Ya sare ganyen, ya datse jikin ayabar daidai ƙirji, ya kewaye ta da ragar, ya cusa busasshen ganye tsakani har ya cika, amma ba ya dannawa, don iska ta samu hanya. Ya tara wani a gindi mai kauri. Daga sama ya kifa tsohon baho ko guntun kwano, ya ɗora dutse, don kada ruwan sama ya shiga. Sai ya kira mai gida gefe ya ce masa kada a sa leda, kada a ba ta ruwa, sai ya dawo a Afrilu. Ba ya ƙara komai a kan haka. Shayi kawai yake karɓa, shi ma a tsaye.

Ba a makaranta ya koya ba. Ayaba uku ya kashe da hannunsa a shekarunsa na farko, a tsakar gidan wani Alhaji da ya ba shi amana. Yaron da ya tashi yana jan guga tun kafin rana ta fito, abu ɗaya ya sani: in shuka ta yi yaushi, ƙishi take ji. Sai da ya tona gindin ta ukun, ya ga ya ruɓe ya zama taɓo, sannan ya gane cewa a ƙasar nan ruwa ne yake yin kisan da fari ke yi a tamu. Ya taɓa cewa a duk abin da ya koya a Faransa babu mai wuya irin ya ga shuka tana wahala ya riƙe hannunsa.

'Yan fuwaye ba su bar shi ya huta ba. Uban ayaba suke kiransa. Wasu su ce mutum ya bar mata da 'ya'ya a Matamaye yana ganinsu shekara biyu sau ɗaya, ya zo nan yana sa wa itace riga. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure buhu. Amma masu tsokanar nan su ne in bazara ta yi suke zuwa ɗaukar hoto a gindin ayabar, su aika gida a ga suna cikin ni'ima.

Kai ne, Malam Illiassou, wanda yatsunsa suka tsattsage a ragar waya a gidajen da ba naka ba. Kai da ba ka da ko taƙi ɗaya na ƙasa a garin nan, ɗakin kwananka ma da wani kuke rabawa. Mun gani, kuma mun yi shiru shekara da shekaru, wannan kuwa abin kunya ne a gare mu.

Ban da gidajen nan tara, akwai wanda ya fi duka nauyi a zuciyarsa, wato gidan Saley. Saley ɗan garinsu ne, ƙane yake a wurinsa, yana ɗaukar kaya a rumbunan 'yan kasuwa. Shekarar da ya samu ya kawo matarsa Fatsima daga gida, a shekarar ya dasa ayaba a bayan ɗan gidan da suke haya, don ta ce idonta ya gaji da ganin bango. A Oktoba ta 1991 ciwon hanta ya kwantar da shi. Malam Illiassou ya je duba shi asibiti, Saley ya yi masa wasiyyar iyali kamar yadda kowa ke yi, sannan ya ƙara da cewa sanyi ya kusa, kada a manta da ayabar, don Fatsima da ita take hira. Bayan kwana huɗu ya rasu.

Jama'a suka haɗu aka mayar da gawarsa Matamaye. Fatsima ba ta bi ba. Takardar zamanta na wurin hukuma ana sabuntawa, in ta fita ba lalle ta samu dawowa ba, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta. Ta yi takaba a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, kuma abin da tagar ke kallo shi ne ayabar nan a lulluɓe. Ta fita takaba ba da daɗewa ba Malam Illiassou ya zo ya buɗe ayabar, sai ga sabon ganye yana murɗowa daga tsakiya. Matan da suke wurin sun ce ranar ne suka fara jin muryar Fatsima ta fito sosai tun rasuwar. Ba ta ga wankan mijinta ba, ba ta san inda aka sa shi ba. Abin da ya rage mata wanda hannunsa ya taɓa kuma yake da rai, ban da 'ya'yan, ita ce wannan shuka.

Bayan shekara biyu zama ya gagara, ta koma Lyon wurin wanta Mamadu, direban babbar mota, wanda ke da ɗaki a ƙasan bene da ɗan fili kamar shimfiɗar tabarma uku. Malam Illiassou ya haƙo 'yar ayaba ɗaya daga gindin uwar, ya sa a bokiti, ya shiga jirgin ƙasa da ita a kan cinya. Ya dasa, ya juyo a ranar. Da kaka ta zo, wanda ya karɓi gidan Aubervilliers ya sare uwar ya zuba siminti don ajiye mota. Ta Lyon ɗin ita kaɗai ta rage daga abin da Saley ya dasa.

Tun daga nan, kowace Nuwamba, sai ya ɗauki buhu biyu ya hau jirgin safe. Mamadu ya tarye shi a tasha. Su gaisa da Fatsima daga bakin ƙofa, ita tana ciki shi yana waje, ina gajiya, ina yara, ya sanyi, shi ke nan. Matar ƙanensa ce, kuma mijinta ya rasu, ba zai tsaya yana jan magana da ita ba. Ya yi aikinsa, ya kira Mamadu gefe ya faɗa masa abin da yake faɗa wa kowane mai gida, ya koma tasha. Haka aka yi shekara huɗu lafiya lau.

Sai sanyin bara. Wanda yake ƙasar nan bai manta ba. Daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu famfo ya daskare a gidaje, jirage suka tsaya a hanya, manyan motoci suka maƙale. Mamadu na cikin waɗanda suka maƙale. Malam Illiassou kuwa ranar uku ga Janairu aka ɗauke shi daga bakin titi, tsintsiya a hannu, numfashi ya ƙi fita. Ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Da ya fito aka ce masa wata mata ta kira talhon fuwaye daga Lyon har sau uku. Ya kira, Mamadu ya ɗauka ya ce lafiya ƙalau, gaisuwa ce kawai.

Asabar ta biyu a watan Afrilu ya tafi Lyon buɗe ayabar. Mamadu bai yi surutun da ya saba ba a mota, shi kuma bai tambaya ba. Suna zagawa bayan ɗaki ya hango shuɗiyar leda an naɗe ragar da ita tun daga sama har ƙasa, an ɗaure da igiyar shanya, bahon yana gefe a jingine. Ya kwance igiyar. A ƙarƙashin ledar akwai bargo, jiƙe sharkaf. Warin da ya taso ya isa ya gaya masa sauran. Busasshen ganyen da ya zaɓa ɗaya ɗaya ya zama baƙin kwaɓi, ya kama jikin ayabar sai yatsunsa suka nutse ciki kamar ruɓaɓɓiyar kabewa.

Fatsima ta fito har tsakar filin, abin da ba ta taɓa yi ba in yana nan. Ba a tambaye ta ba ta fara bayani. Ta ce kwanakin nan da sanyi ya yi tsanani ta rasa wanda za ta tambaya. Tana leƙawa ta taga ta ga ƙanƙara ta hau bahon, su suna ciki da wuta, ayabar tana waje ba kowa. Sai ta ɗauko bargon marigayi ta rufa mata, ta sa leda don kada ya jiƙe. Kullum da safe kuma, in ta ɗumama ruwan alwala, sai ta rage rabin buta ta zuba mata a gindi. Da ta fara ba ta iya dainawa ba, har sanyin ya wuce.

"Na ce ko ƙafafunta su ji ɗumi, Yaya," in ji ta. "Sanyin ne ya kashe ta, ko?"

Mamadu yana bayanta yana yi masa alama da ido. Kuma da sauƙi ya ce e. Sanyin bara ya kashe itatuwan da suka fi wannan ƙarfi, babu wanda zai ƙaryata shi. Ya dubi matar nan, ya ga tun kafin ya yi magana ta riga ta tsufa da shekara goma, tausayi ya kama shi. Amma ya san in ya ce sanyi ne, duk abin da aka sake dasawa a filin nan haka za ta yi masa, don tana sonsa.

"Ruwan ne, Fatsima," ya ce. "Ruwan da ledar."

Ta zauna a kan dakalin bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Bai bar ta da laifin ita kaɗai ba. Ya ce mata, kuma Mamadu ne ya ba da wannan labari, shi ya sa muka sani:

"Laifina ya fi naki. Shekara huɗu ina zuwa gidan nan ina gaya wa Mamadu. Mamadu ba shi ke kallonta ba, ke ce. Kunya ta hana ni tsayawa in gaya miki da bakina. Ni ma uku na kashe haka, kuma ni ba wanda na rasa."

Daga nan ya cire rigar sama ya durƙusa. Mutumin da wata uku da suka wuce ake ba shi iska ta bututun roba a asibiti, shi ne a cikin taɓo mai sanyi yana tono da hannu, don ya ce shebur zai yanke abin da ba a so a yanke. Ya fito da dunƙulen gindin, babba kamar tulu, baƙi, yana ɗiga. Ya sa wuƙa yana fafe ruɓar, yana yarwa, yana tari, yana sake fafewa. Mamadu ya ce masa ya bari haka, za su sayi wata a kanti, iri ɗaya ce ai. Ko ɗaga kai bai yi ba. Fatsima ce ta amsa daga ƙarƙashin mayafi ta ce ba iri ɗaya ba ce.

Wajen la'asar abin da ya rage a hannunsa bai fi dunƙulen hannu ba, fari, da tauri, da ɗan ido ɗaya a gefe. Ya sa aka dako gawayin gashin nama ya barbaɗa a wurin yankan. Ya tara ƙasa da yashi ya yi tudu a inda rana ta fi bugawa, ya binne. Ya ce bai yi alkawarin komai ba. Ya koma Paris da zazzaɓi, ya sake kwanciya mako guda, bai gaya wa kowa dalili ba.

Afrilu ta ƙare babu komai. Mayu ma haka. Sai a cikin Yuni aka ƙwala masa kira daga ƙasa cewa ana nemansa a talho. Fatsima ce da kanta. Ko gaisuwar ba ta ƙarasa ba ta ce wani abu ya fito, tsawon yatsa. Waɗanda ke kusa sun ce ya daɗe riƙe da kan talhon bayan an kashe.

Da a ce nan labarin ya tsaya da mun ji daɗi. Amma tsiron bai yi ƙarfi ba. Duk damina da bazara da ƙyar ya kai gwiwa, ganye biyar, sirara. Shi kuma likita ya gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa huhunsa ba zai ɗauki wani sanyin Paris ba, in yana son ya ga jikokinsa ya tattara ya koma inda rana take. An yanka masa tikiti, goma ga Janairu.

A Nuwambar da ta wuce ya je Lyon zuwan ƙarshe. Buhu ɗaya ya iya ɗauka, shi ma sai da aka taya shi hawa da shi. Wannan karon bai taɓa wuƙa ba. Ya sa aka fito masa da kujera, ya zauna cikin riguna biyu, ya ce Fatsima ta zo ta yi da hannunta. Mamadu ya miƙa hannu zai karɓi ragar, ya ce masa ya koma gefe. Ya nuna mata inda za ta yanka. Ta cusa ganye ta danna, ya ce ta fitar ta sake, a sassauta. Sau uku tana kifa bahon yana cewa bai zauna ba. Ya sa ta faɗi dalilin kowane abu da bakinta, ya ji ta gane. A wuni ɗaya ya yi mata maganar da bai yi ba a shekara shida, kuma duk a kan ganye da iska da ruwa ce. Da ta tambaye shi ko shukar za ta kai Afrilu, ya ce ƙarama ce ƙwarai, in sanyin ya zo irin na bara ba ya zato, in ya zo da sauƙi wataƙila. Ya ce ko ta rayu ko ba ta rayu ba shi ba zai gani ba.

Ta raka su har bakin titi, wanda shi ma sabon abu ne. Mamadu ya shiga ya tayar da mota. Ta tsaya tana murza bakin mayafi, sannan ta ce tana da saƙo. Ta ce ta san ko ta je gida yau, mace ba ta shiga maƙabarta.

"In ka isa, Yaya, ka nemi inda aka sa ƙanenka. Wata biyar ka ce kar in zuba wa ayabar ruwa. Na ji, ba zan zuba ba. Amma can ai ba a hana ba. Ka ɗebi buta ɗaya ka zuba mini a kansa."

Ya ce to. Bai gaya mata cewa kabarin shekara shida a garinmu, babu dutse babu suna, sai an dace da tsohon da ya halarci jana'izar kuma bai manta ba. A jirgin dawowa abin da ya yi ta tunani ke nan, yana lissafa waɗanda suka rage da rai a cikin dattawan unguwarsu.

Masu gidaje tara, saura ku. Mutumin nan yana nan har tara ga Janairu, ku je ku zauna ya nuna muku, ku tafi da matanku, don su ne ke gida in sanyi ya sauko. Duk wanda kuma Allah ya ba sanin wani abu a cikinmu, ya faɗa wa mai buƙatarsa ido da ido tun yana da numfashin faɗa.

Malam Illiassou, mun gode. Mun gode da yatsunka da huhunka da ka bari a ƙasar mutane, mun gode da gaskiyar da ka faɗa ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Ba mu da abin ba ka sai addu'a. Allah ya sauke ka lafiya, ya ba ka numfashin takawa har bayan gari, ya sa a samu wanda ya tuna wurin.